Kwamfutar da Ke Ɗaukewa a Bakin Gonar Kaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin babana, ya koma ga Mahaliccinsa a garin Isa wata Laraba da hantsi, ana tsakar yankan gero. Kafin azahar maza sun kai shi sun dawo.

Ina cikin gida tare da mata a ranar, kuma har yau ban gama warware abin da kunnuwana suka ji ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina tsoron kada a manta da shi, ina kuma tsoron kada a tuna da wani mutum daban a ce shi ne.

Wata mata ce ta fara rikita gidan. Ta shigo da mayafi a baki, ta zube gaban Inna Tsohuwa, matar Kaka, tana kuka kamar ubanta ne ya rasu. Inna Tsohuwa ta matso kusa da kunnena ta ce, "Wagga ɗiyar wa ta?"

Na san fuskar, amma na kasa tuna inda na san ta. Da matar ta share hawaye ta ce daga Kurawa take. "Shi yan nuna min rijiyarmu," ta ce, ta sake fashewa da kuka. Matan da suka zo daga nesa suka shiga kallon juna, don kowa ya san Kaka bai taɓa haƙa rijiya ba.

Can kuma Babana ya shigo shan ruwa, ya ce liman ya yi wa mamaci kyakkyawar shaida a waje, ya ce mutum ne mai haƙuri. Inna Tsohuwa ta yi dariya hawaye na zuba.

"Haƙuri? Ku dai ku koma ku duba, ko wani kunka binne."

Ba a jima ba muka jiyo muryar wani baƙo daga Sabon Birni yana cewa, "Allah shi jiƙan injiniya." Injiniya! Mutumin da in ya ɗauki tocila sai ya haska idonsa kafin ya haska hanya.

Akwai kuma ƙanensa, da muke kira Kaka Ƙarami. Yana zaune a zaure kusa da wani teburi da aka rufe da tsohon zane. Da masu gaisuwa suka yi yawa aka so a fitar da teburin, sai ya ɗora hannu a kai ya ce, "A bar ta nan." Abin da ke ƙarƙashin zanen kwamfuta ce, cikinta a buɗe, wayoyi a waje. Labarinta da na Kaka sun cakuɗe a shekarunsa na ƙarshe, ba ni iya raba su.

Kaka manomi ne, mutumin Tozai. Gero da dawa ya sani, sai ɗan wake a tsakani. In ruwan fari ya sauka yakan damƙi ƙasa ya shinshina kafin ya yarda a yi shuka, ko da duk gari sun fita. Ba ya cin sabon gero sai an kai wa maƙwabta nasu. Yana faɗa da rediyo kamar mai karanta labarai yana jin sa. Ni kuwa amarya yake kira na tun ina rarrafe, irin wasan kaka da jika, har na yi aure na haihu bai daina ba. In mijina ya zo gaishe shi sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ga ɓarawon nan."

Yana da wata kalma da duk zuri'armu ta haddace. In ka kawo masa magana sai ya karkata kai ya ce, "Ban gane ba, sake hwaɗi." Wani lokaci da gaske bai gane ba. Wani lokaci ya gane sarai, so yake ka maimaita ka ji wautarka da kunnenka. Ba wanda ya taɓa iya bambance biyun.

Da daji ya ɓaci, zama a ƙauye ya zama kasada, Babana da Baffana na Sakkwato suka ɗauko shi suka dawo da shi Isa. Ba da son ransa ba. Ya zo da hauyarsa da damin iri, ya zauna a zaure yana kallon masu wucewa zuwa kasuwa. Idonsa kuma ya fara yin yana. Mutumin da ke cika gida da faɗa ya koma shiru, har Inna Tsohuwa ta ce gara a dawo mata da faɗan.

Ni ina aikin buga takardu a wani shago kusa da kasuwa. Wata rana na zo gaishe shi, don in sa shi magana na buɗe taswirar da ake ɗauka daga sama a wayata, na ce, "Kaka, ga Tozai."

"Ban gane ba, sake hwaɗi."

Na sake faɗa. Na ce akwai na'ura a sararin sama da ke ɗaukar hoton ƙasa, har gonaki da itatuwa. Ya karɓi wayar ya kai ta daf da hancinsa, ya juya ta, ya miƙo mini.

"Amarya, kin kawo min kashin ƙuda kin ce gari na."

Na ɗauka maganar ta wuce. Washegari ya aiko a kira ni. Ya ce, "Abun ga na jiya, ba a samun babba?"

Kaka Ƙarami ne ya samo kwamfutar. Shi ɗan kasuwa ne, rayuwarsa duk tsakanin kasuwanninmu da Maraɗi ya yi ta. Ya kawo wata 'yar ƙarama ta gwanjo, irin ta ofis, ba ta fi matashin kai ba, da allon rubutu na Faransanci wanda haruffansa suka sauya wuri, duk abin da na buga sai ya fito a karkace. Gilashinta ƙarami ne, Kaka bai ga komai ba sai hazo. Da Baffa ya ji labari sai ya aiko da babban talabijin daga Sakkwato, tare da wani ɗan faifai da ake kira katin hoto, wanda ake cusawa cikin kwamfuta don ta iya jan babban hoto ba tare da sanɗa ba. Na cusa shi da kaina. Gidan yana da sola, rana kuwa ba ta yi mana rowa.

Ranar farko zauren ya cika. Na kunna, duniya ta fito a dunƙule kamar ƙwallon fura. Na matso da ita, ga ƙasarmu, ga Sakkwato, ga Isa da gulbi kwance a gefenta. Kaka ya miƙe zaune. Na bi hanyar Tozai a hankali, na fara saukowa, itatuwa suka fara fitowa ɗaya ɗaya. Sai fankar cikin kwamfutar ta yi wani kuka, ɗif, komai ya mutu.

Na sake kunnawa. Muka sake biyo hanya, muka zo wuri guda, ɗif. Haka muka yi ta yi har magariba ta kusa. In takarda za ni buga, lafiya lau take aiki. In duniya za a kalla daga nesa, ba ta cewa komai. Da an sauko kusa da ƙasa sai ta ɗauke, kuma da yake Tozai kullum muke nufa, kullum a bakin Tozai take ɗaukewa.

Kowa ya kawo nasa bayanin. Babana ya ce batirin sola ne, aka sauya, ba ta daina ba. Wani maƙwabci ya ce hukuma ce ta hana a kalli wajen. Inna Tsohuwa ta tsorata ƙwarai, ta ce mutanen dajin ne suka gane ana leƙensu, za su biyo wayar har gida. Ni na ce zafi ne, har na sa Inna Tsohuwa ta zauna da mafici tana yi wa kwamfuta fifita, tana fifita tana tsaki. Kaka kuwa cewa ya yi, "Gonar ce ta yi hushi. Na baro ta ban yi mata sallama ba." Ban san ko wasa yake yi ba.

Aka ce akwai mai gyara a Sabon Birni da ya san kan irin waɗannan. Na naɗe kwamfutar a zane za ni tafi ranar kasuwa, lokacin da motoci ke tafiya a jere. Ina fitowa na tarar da Kaka a ƙofar gida da babbar riga da sanda. Babana ya yi magana, ya yi lallashi, ya ambaci hanya. Kaka ya ce shi ba a kai mara lafiyarsa asibiti yana gida.

Mai gyaran magidanci ne mai fara'a. Ya buɗe murfin, ya nuna wani siririn akwatin ƙarfe a gefe, wanda wayoyi ke fitowa daga cikinsa. Ya ce wannan shi ne fawa, shi ke karɓar wutar gida ya rarraba wa kayan ciki daidai ƙarfin kowa. An yi shi ne don aikin ofis. Katin hoton da aka ƙara yana neman abin da ya fi ƙarfinsa, da aiki ya yi nauyi sai ya kashe kansa don kada ya ƙone.

"Ban gane ba," in ji Kaka, "sake hwaɗi."

Mai gyara ya yi tunani ya ce, "Baba, jaki na anka aza ma kayan raƙumi."

"To a sake jaki."

"A'a Baba, jakin lahiya lau shike. Cikinai za a sake."

Kaka ya dube ni, ya dubi mai gyara. "Ana sake ma jaki ciki?"

"Wanga ana sake mai."

"To wutar gidana ta yi kaɗan ke nan?"

"A'a, wutar gida ta isa. Ta ciki ce ba ta isa ba."

"Wutar ciki daga ina take zuwa?"

"Daga ta gida."

Kaka ya juyo ya ce da ni, "Amarya, tashi mu tahi tun ban haukace ba." Amma a mota sai da ya sa na maimaita masa sunan abin har ya riƙe. Daga ranar duk wanda ya zo gaishe shi sai ya tambaye shi ko ya san inda ake sayar da hwawa. Wani bawan Allah ya ɗauka fawa ta mahauta yake nufi, ya aiko masa da tsire.

Mai gyara ba shi da fawa mai ƙarfi a shagonsa. Kaka Ƙarami ya ce a bar masa. Da ya dawo daga Maraɗi ya ajiye kwali a gaban yayansa yana murmushi, ya ce mai shagon ya rantse wannan ko injin niƙa zai tayar. Na buɗe. Wani ƙaton abu ne mai kusurwa huɗu, ya kusa kai rabin kwamfutar gaba ɗaya. Na gwada ta tsaye, na gwada ta kwance. Ko kansa bai shiga ba.

A nan aka yi faɗan da bai taɓa faruwa tsakaninsu ba. Kaka ya ce tun suna yara ƙanensa bai taɓa kawo abu daidai ba, in an aike shi allura sai ya dawo da tabarya. Kaka Ƙarami ya haɗiye, ya haɗiye, sannan ya faɗi abin da duk gidan ke tunani ba wanda ya iya furtawa.

"Yaya, gonag ga ta tahi. Ko ka gan ta cikin gilashi mi za ka yi mata? Ka bar wahal da ɗiya, ka bar wahal da kanka."

Kaka ya ce, "Kai da ba ka san nauyin hauya ba, kai za ka gaya min gona ta tahi? Ɗauki kayanka."

Bai ɗauka ba, ya fita ya bar kwalin. Mutanen da tun tasowata kwano ɗaya suke ci, sai ga shi ana raba musu tuwo. In sun haɗu a masallaci kowa ya kalli gabansa. Inna Tsohuwa ta ce duk laifina ne da na kawo waya, Babana ya ce laifin Baffa ne da ya aiko kati, Baffa ya ce a waya shi bai gane abin da ake faɗa a kai ba. Ni ma ban gane ba. Ban san ko a kan akwatin ƙarfe suke gaba ba, ko a kan gona, ko a kan wani abu da ya girme ni.

Wata safiya na zo na tarar da maƙerin unguwa durƙushe a zaure da guduma da kurfi, kwamfuta a gabansa, Kaka yana nuna masa da sanda inda zai fasa don ƙaton ya shiga. Na yi ihu na faɗa a kanta. Maƙerin ya ce shi ma tun farko jikinsa bai ba shi ba. Kaka ya ce, "In ɗaki ya yi ma gado kaɗan ba bango akan hwasa ba?" Na ce in aka fasa wannan bangon, mai ɗakin ma mutuwa zai yi. Ya kira ni matsoraciya, ya ce ya sake ni saki uku. Da yamma ya aiko mini da goro, wai biko.

Baffa ya aiko da wani akwatin fawa daga Sakkwato, siriri, ta hannun direban mota. Wannan ya shiga gurbin kamar don shi aka yi. Na yi murna har na fara guɗa. Da na zo haɗa waya sai na ga bakinsa faffaɗa ne, ramin da ke jikin kwamfutar kuwa ɗan tsuku. Na kira mai gyara. Ya ce ai masu ƙera irin waɗannan ƙananan sukan yi musu baki nasu na daban, don kada ka sa na kowa. Sai an nemo wata 'yar wayar haɗi da ke da faffaɗan baki a gefe guda, tsukakke a ɗaya gefen, kuma dole ta zama ta wannan samfurin, in aka sa ta wani za a iya ƙona komai. Aka shiga nema. Aka aika Kano. Damina ta shigo ta same mu muna jira, Kaka yana zaune a zaure yana shinshina iskar hadari.

Da wayar ta iso mai gyara ya zo Isa da kansa. Ya ɗaga siririn na Baffa ya karanta jikinsa, sai ya yi dariya. Ya ce ƙarfinsa ɗaya da tsohon da muke son cirewa, jaki ne aka kawo ya canji jaki. Ya waiga ya ga kwalin Maraɗi a lungu, ƙura ta rufe shi. Ya buɗe ya ce, "Ga abin da kuke nema nan tun tuni. Wa ya ce dole sai ya shiga ciki? A aje shi waje, a ja wayoyi."

Kaka ya daɗe yana murza gemu. Sannan ya ce wa Babana, ba tare da ya dube shi ba, "Tahi ka kira shi. Kayanai na, ya zo ya gani in sun ƙone."

Kaka Ƙarami ya zo ya zauna a bakin ƙofa. Mai gyara ya cire tsohon, ya ɗora ƙaton a kan bulo kusa da kwamfutar, ya bi wayoyin ɗaya ɗaya da na'urar awo kafin ya haɗa. Murfi bai rufu ba, sai aka kifa rariya a kai saboda kaji. Ya ce in kunna.

Bayan la'asar ne. Muka bi hanyar da muka saba, muka zo inda take mutuwa. Ba ta mutu ba. Na ci gaba da saukowa. Ga rufin gidajen Tozai, ga hanyar shanu, ga wani fili kore shar da babbar itaciya a kusurwarsa. Kaka ya tashi da sandarsa ya je daf da gilashin, har numfashinsa yana taɓa shi.

"Tsamiyata," ya ce.

Ya bi iyakar da yatsa, ya kira sunayen maƙwabtan gonarsa, na gabas da na arewa. Sai yatsan ya tsaya.

"Wa yan noma ta?"

Na ce ban gane ba.

"Dubi kunyoyin. Ni daga gabas zuwa yamma nike ja, tun ubana. Waɗanga daga kudu zuwa arewa suke. Wa yash shiga gonata?"

Na ce wataƙila ni na juya taswirar ban sani ba. Na juya ta, tsamiya ta koma wata kusurwa, Kaka ya ce yanzu kuma ba gonarsa ba ce. Kaka Ƙarami ya taso daga bakin ƙofa, karon farko da ya yi wa yayansa magana tun faɗan, ya ce ai wannan ta maƙwabci ce, tasu tana gaba kusa da kwari. Kaka ya ce kwarin ba nan yake ba. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna dungurin gilashi. Mai gyara ya sa baki ya ce a tuna hoton ba na yau ba ne, an ɗauke shi tuni, wataƙila ma Kaka yana can lokacin. Kuma akan ɗinka hoton wata shekara da na wata, shi ya sa gefe guda kore, gefe guda fari.

"To in ina can, ni na ja su haka?"

Ya juyo ya dube ni.

"In ba ni can, wani na ciki yanzu?"

"Kaka, ban sani ba," na ce.

Ya daɗe a tsaye. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda ya shiga ɗakinsa ya tarar an sauya wa komai wuri. Daga baya ya koma ya zauna ya ce, "Ko wa yaj ja su, ya iya. Sun miƙe." Ya juya ga ƙanensa ya ce, "Hwawarka ta yi." Ranar kwano ɗaya aka kai musu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, bayan duk wannan wahala, Kaka bai sake cewa a nuna masa gonarsa ba. Ko sau ɗaya. Na yi tsammanin ya gaji da kwamfutar ne, ashe ba haka ba. Shi da kansa ya riƙa aikawa a kira mutanen da suka baro ƙauyukansu suka zauna a Isa. In na tashi aiki sai in tarar da su a zaure suna jira, tsofaffi maza a gaba, mata daga baya. Kaka ya zauna a gefe, bayansa ga gilashi, yana ba da umarni. "Amarya, kai wanga garinsu." In mutum ya ga rufin gidansa ya fara kuka, sai ya ce a ba shi ruwa, kada a yi masa gaggawa. Kafin kowa ya kalla kuwa sai ya gargaɗe shi, "Hoton tsoho na, kada ka yi hwaɗa da kowa a kai."

A cikinsu ne matar Kurawa ta zo. Ta ce ba gida take son gani ba, rijiyar da mijinta ya haƙa kafin ya rasu take nema. Muka yi ta yawo a kan gilashi ba mu gan ta ba, na ce a haƙura. Kaka ya ce ba inda za ta. Ya tambaye ta wace itaciya ke kusa, ta ina dabbobi ke zuwa. Ya ce da ni in nemi inda hanyoyin ƙafa suka haɗu kamar zaren gizo. Na nema, sai ga ɗan baƙin ɗigo a tsakiyarsu. Ko rijiyar ce, ko inuwar wani abu ce, Allah ne masani. Ita dai ta ce ita ce, ta sa hannu ta shafa.

Na taɓa tambayarsa dalilin da ya daina kallon tasa. Ya ce, "Kin cika tambaya, shi ya sa nike son sakinki." Inna Tsohuwa ta ce zuciya ce, ba ya son ganin aikin wani a ƙasarsa. Babana ya ce ya gane ba gonarsa ba ce, kunyar faɗa yake ji. Kaka Ƙarami, da ya yi musu a ranar, yanzu ya ce a'a, tasa ce, ya gan ta, ya yi mata sallamar da bai yi ba. Kowannensu ya fi ni saninsa, kuma ba biyu da suka yarda da juna.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Zazzaɓi ne da tari, ya kwanta, ya ƙi asibitin Sakkwato. Ranar da na gan shi na ƙarshe da rana tsaka, ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko an sa wa rariyar dutse, don iska tana ɗage ta. Na ce an sa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na so a ce wata babbar magana ce.

Mu mata ba mu zuwa maƙabarta. Bayan an watse daga zaman makoki, gida ya yi shiru, na shiga zaure na tarar da Kaka Ƙarami shi kaɗai. Na ce, "Kaka, ina kunka sa shi?"

Ya fara kwatance da hannu, ta gabas da kaza, kusa da kaza. Sai ya tsaya, ya dubi teburin, ya yaye zanen.

Na kunna. Wannan karon ba mu yi nisa ba, bayan gari kawai muka sauka. Ga maƙabartar Isa, ƙananan tuddai a jere. Ya matso ya bi su da yatsa har ƙarshen layi, ya wuce su kaɗan, ya tsaya.

"Nan."

Na duba. Babu kabari a wurin. Fili ne da ciyawa, da 'yar siririyar hanya ta ratsa ta kai, da wani farin abu da ya yi kama da tunkiya tana kiwo. A hoton ba a riga an haƙa ba.

Kaka Ƙarami bai ɗauke yatsansa ba, ni ma ban kashe ba. Muka zauna muna kallon ciyawar har aka kira la'asar.

Ya Allah, Kai da ba Ka ruɗewa, Ka san gonarsa, Ka san makwancinsa, Ka san abin da ya gani ya yi shiru. Ka yalwata masa inda yake, Ka yafe masa faɗansa, Ka mai da mutanen da ya tara a zaurensa garuruwansu lafiya. Amin.